Vilnius ko Wilno: me ya sa waya ke nuna sunaye biyu ga gari ɗaya?

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Vilnius, babban birnin Lituweniya, kuma zan fara sauka a Warsaw, babban birnin Polan, sannan in shiga mota. Da na je sayen tikiti a wani shafin intanet na Polan sai na ga an rubuta Wilno, taswirar wayata kuma tana cewa Vilnius. Wayar ce ta rikice ko garuruwa biyu ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau, sayi tikitinka. Gari ɗaya ne. Manhajojin taswira kan ajiye wa wuri ɗaya sunaye da yawa, su zaɓo maka wanda ya dace da harshen da ka saita. A OpenStreetMap, alal misali, akwai gurbin sunan da mutanen wurin ke amfani da shi, akwai kuma gurbi na daban ga kowane harshe. Mayar da wayarka harshen Polan ka gani, Vilnius zai koma Wilno nan take.

Sai dai ina so ka san abin da ke bayan sunayen nan, tunda can za ka zauna. Sunan ya fito daga wani ƙaramin kogi, Vilnia, da ke zuba cikin kogin Neris a tsakiyar birnin, kuma an fara ganinsa a rubuce cikin wasiƙun Sarki Gediminas na Lituweniya a 1323. Daga 1569 Polan da Lituweniya suka haɗe ƙasa ɗaya, harshen Polan ya zama na masu mulki da masu ilimi, har Rasha ta haɗiye yankin a 1795. Ƙidayar da Rasha ta yi a 1897 ta nuna cewa a cikin birnin masu harshen Yahudawa sun kai kashi 40 cikin ɗari, masu harshen Polan kusan kashi 31, masu harshen Lituweniya kuwa kashi 2 kacal. To ga tushen rigimar: 'yan Lituweniya na cewa birnin sarakunan kakanninmu ne, 'yan Polan na cewa mutanenmu ne ke ciki.

A Vilnius aka shelanta 'yancin Lituweniya ranar 16 ga Fabrairu 1918. Ranar 7 ga Oktoba 1920 Polan da Lituweniya suka sa hannu kan yarjejeniya a Suwałki, bayan kwana biyu kuma Janar Lucjan Żeligowski na Polan ya shiga Vilnius da dakarunsa, ya kafa wata 'yar ƙasa da ya kira Lituweniya ta Tsakiya. A 1922 Polan ta haɗe ta da kanta. Lituweniya ta ci gaba da gudanar da gwamnatinta daga garin Kaunas, ta kira shi babban birnin wucin gadi, ta ƙi kowace hulɗar jakadanci da Polan har 1938. Tarayyar Sobiyet ce ta miƙa wa Lituweniya Vilnius a Oktoban 1939. Yaƙin duniya na biyu ya canja fuskar garin baki ɗaya: 'yan Nazi sun kashe mafi yawan Yahudawansa, da yawa a dajin Paneriai, bayan yaƙin kuma ɗimbin 'yan Polan suka ƙaura. A 1994 Polan da Lituweniya suka amince da iyakokin juna a wata yarjejeniyar abota.

Don haka a fom na makaranta, na biza ko na banki, rubuta Vilnius. Idan wani dattijo ɗan asalin Polan ya ce maka Wilno, kada ka gyara masa, sunan da ya ji a bakin mahaifiyarsa ne. Kuma ka bar agogon wayarka ya riƙa saita kansa, domin Lituweniya na gaba da Polan da awa ɗaya.

Tambaya: Ina aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye. Yaya zan rubuta baƙaƙe irin su ł da š a waya? In sa l da s kawai ba ya wadatarwa?

Amsa: 'Yar'uwa, wajen bincike a taswira yakan wadatar. Wajen rubuta sunan mutum ko adireshi kuwa ban yarda ba. Mu da muka san bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, bai kamata mu raina ɗigon wani harshe ba. A Gboard, madannin rubutu na Google a waya, danna l ki riƙe yatsa, ł zai fito. Haka s zai ba ki š. In bai fito ba, shiga saitin harsuna ki ƙara harshen Polan ko na Lituweniya. Ban da tikitin jirgi: nan ki kwafi sunan yadda yake a layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, inda babu ɗigo ko lanƙwasa.

Wannan batu na baƙaƙe ya daɗe yana ta da jijiyar wuya a yankin. Harufan Lituweniya guda 32 ne, babu w a ciki, alhali sunayen Polan cike suke da shi. 'Yan asalin Polan kusan kashi 6 ne cikin ɗari na mutanen Lituweniya, su ne ma mafi rinjaye a gundumar Šalčininkai, wadda suke kira Soleczniki, amma shekara da shekaru ana rubuta sunayensu da v a katin shaida. Sai a 2022 doka ta ba da damar q, w da x, har ministar shari'a ta lokacin ta mayar da sunanta daga Evelina Dobrovolska zuwa Ewelina Dobrowolska.

Tambaya: An turo mini jerin sunaye daga can, na buɗe a Excel sai wasu baƙaƙen suka zama alamomi marasa ma'ana.

Amsa: Tsarin ajiyar baƙaƙe ne ya saɓa. Tsofaffin kwamfutoci na ajiye rubutun Polan da Windows-1250, na Lituweniya da Windows-1257, sababbi kuma da UTF-8. Kada ka danna fayil ɗin sau biyu. Buɗe Excel tukuna, shigo da shi ta ɓangaren Data, ka fara gwada UTF-8. In bai gyaru ba, gwada sauran biyun ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito daidai, sake ajiye shi da UTF-8 kafin ka tura wa wani.