Tambayi Likita: Gwaji ya nuna ina da ƙanjamau, amma ina tsoron asibiti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne ɗan shekara 34, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ƙaramin bai bar nono ba. Tun kafin in yi aure nake mu'amala da maza 'yan'uwana a ɓoye, kuma babu wanda ya san haka a gidanmu. Wata huɗu da suka wuce na sayi abin gwajin ƙanjamau na gida a kemis, ya nuna ina ɗauke da ƙwayar cutar. Na je wani asibiti don a tabbatar mini, amma ina zaune a kan benci sai na ji ma'aikata biyu suna yi da wani saurayi da ya fita, suna kiransa ɗan daudu suna dariya, ɗaya har tana cewa alhaki ne ya kama shi. Nan take na tashi na fita, ban sake komawa ba. Likita, dole ne sai na faɗi yadda na kamu kafin a ba ni magani? Za su iya miƙa ni ga hukuma? Kuma yaya zan yi da matata? Don Allah a sakaya sunana.

Wani bawan Allah, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na gode da amanar da ka ba ni. Ni likita ne, kuma a matsayin likita zan amsa maka, domin abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka shi ne wata huɗun nan da ka yi ba tare da magani ba, alhali akwai mace da jariri a gidanka.

Da farko, gwajin gida ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, sai an maimaita shi a asibiti kafin a tabbatar. Idan ya tabbata, babu wani sharaɗi da ya ce sai ka bayyana hanyar da ka kamu sannan a ɗora ka kan magani. Tun 2016 Najeriya ta koma bai wa duk wanda aka samu da ƙwayar cutar magani nan take, ba tare da jiran garkuwar jikinsa ta yi rauni ba. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana mai suna TLD, wadda ta haɗa magunguna uku, kuma kyauta ake bayar da ita a cibiyoyin gwamnati. Mai ba da shawara zai tambaye ka game da abokan kwanciyarka, amma kana da ikon cewa ba ka shirya yin wannan magana ba tukuna, kuma hakan ba zai hana ka magani ba. Sai dai ina ba ka shawara, idan ka samu likitan da hankalinka ya kwanta da shi, ka faɗa masa gaskiya a keɓe, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon sanyi da tunjere suna iya zama a dubura ko maƙogwaro ba tare da wata alama ba, kuma likitan da bai sani ba ba zai duba wurin ba.

Game da hukuma, ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya, ga kuma dokokin shari'a da jihohin Arewa 12 suke aiki da su. Amma dokar ta 2014 ba ta ɗora wa likita ko nas nauyin kai rahoton majinyaci ba. A wannan shekarar kuma aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta sirranta bayanan mara lafiya in ban da a wasu halaye ƙalilan kamar umarnin kotu, aka kuma kafa dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV, wato ƙwayar cutar ƙanjamau. Saboda haka ma'aikatan da ka ji suna dariya sun ci amanar aikinsu, kuma ni abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin na san ba saurayin da suka yi da shi kaɗai suka cutar ba, har da kai da ke zaune kana saurare, da duk wanda ya tashi ya fita kamar yadda ka yi.

Wannan ɓarna an auna ta. Wani bincike da aka yi a Abuja tsakanin maza masu mu'amala da maza, wanda mujallar Lancet HIV ta wallafa a 2015, ya nuna cewa waɗanda suka ce sun taɓa jin tsoron neman magani sun tashi daga kashi 25 cikin 100 kafin dokar haramta auren jinsi zuwa kashi 38 bayanta. A lokaci guda kuma, babban binciken ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar cutar a jikin kimanin kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49, yayin da binciken da aka yi a 2014 tsakanin wannan rukuni na maza ya samu kusan kashi 23. Ke nan waɗanda suka fi kowa buƙatar asibiti su ne suka fi kowa gudunsa. Ga abokan aikina masu ganin cewa wulaƙanta irin waɗannan majinyata kare al'umma ne, ina tunatar da su cewa da yawa daga cikinsu suna da mata, kuma duk namijin da aka kora daga layin karɓar magani, matarsa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ce take kwana da haɗarin.

Wannan ya kawo ni ga matarka, kuma a nan ba zan sassauta maka ba. Tana da haƙƙin sanin cewa kana ɗauke da ƙwayar cutar, kuma wajibi ne a gwada ta cikin kwanakin nan, musamman da yake tana shayarwa, domin cutar tana bi ta nono ta kama jariri. Bayyana mata sakamakon gwaji daban ne da bayyana mata duk tarihin rayuwarka. Na farkon ba ya jira, na biyun kuma kai za ka auna lokacinsa da yanayinsa. Idan bakinka ya yi nauyi, masu ba da shawara a cibiyoyin magani sun saba da wannan aiki: suna iya zama da ku biyu a yi muku gwaji tare, su taimaka wajen isar da maganar. Idan an same ta da cutar, za a ɗora ta kan magani a gwada yaran, kuma yaron da aka gano da wuri yana girma lafiya. Idan ba a same ta da ita ba, za a sake gwada ta bayan wasu makonni, ana kuma iya ba ta maganin rigakafi da ake kira PrEP. Daga yau har zuwa lokacin da likita zai ce jininka ya yi kyau, kada ka kusanci kowa, mace ko namiji, ba tare da kwaroron roba ba.

Akwai albishir a nan da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya riƙe maganinsa kullum, yawanci cikin wata shida ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har gwaji ya kasa gano ta, kuma muddin ta zauna a haka ba ya yaɗa ta ta hanyar kwanciya. Binciken PARTNER2 da aka yi a Turai, aka wallafa a 2019, ya bi ɗaruruwan maza masu zaman tare waɗanda ɗaya yake da cutar yana shan magani, ɗayan kuma ba shi da ita, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba.

Ba dole ne ka koma asibitin da ka baro ba. Kana iya yin rajista a wata unguwa ko wani gari inda ba a san ka ba, kuma bayan jikinka ya daidaita ana ba da maganin wata uku ko ma shida a lokaci guda, don haka zirga-zirgar ba ta da yawa. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, tana da rassa a jihohi, kuma mambobinta sun san cibiyoyin da ake mutunta mutane. Ranar da za ka je, ka nemi a duba ka game da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da tunjere. Idan kuma kana fama da tari mai naci, ko rama, ko zazzaɓin dare, ko ciwon kai mai tsanani, ka faɗa wa likita tun a zaman farko, domin waɗannan alamu suna iya sauya tsarin da za a bi wajen fara maka magani.