Dum-dum ɗin nan ba shi ne ingancin iyafis ba

Tambaya: Malam, na sayi iyafis mai tsada, bes ɗinsa har cikin ƙirji nake jin sa. Amma idan na kunna tafsiri sai muryar malamin ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Jabu aka sayar mini? Daga Zariya.

Amsa: Ba jabu ba ne, abin da ka je nema aka ba ka. Na gaji da wannan ɗabi'a taku: a shiga kasuwar waya, mai shago ya kunna kiɗa mai ganga, kai ya girgiza, sai a zaro kuɗi. Wa ya ce muku haka ake gwada iyafis?

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga 20 zuwa 20,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba kuma siriri). Bes yana can ƙasa, bai wuce wajen 250 ba. Daga nan zuwa wajen 4,000 sautin tsakiya ne, kuma a nan ake rarrabe kalmomin mai magana. Shi ya sa tsohon layin tarho, da 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, bai hana kowa gane maganar ɗan'uwansa ba. Idan aka cika bes, sai ya danne sautin da ke samansa, kamar mai jan baki da injin nika a bayan gidansa. Kai kuma sai ka ƙara murya don ka ji malamin, kunnenka ya sha wahala a banza.

Ban ce bes haramun ba ne. Binciken da kamfanin kayan sauti na Harman ya yi ya nuna yawancin mutane sun fi son a ɗan ƙara shi. Ɗan kaɗan fa, kamar gishiri a miya.

Shiga ikwalaiza, wato wurin saita sauti a wayarka, ka sauke 60 zuwa 250 kaɗan, ka bar tsakiya yadda take. Ni dai kullum da muryar mai karanta labarai a rediyo nake gwaji kafin in biya, ko mai shago zai haɗe rai.

Tambaya: Nawa kuma bes ɗin ne babu sam, sai ƙara siririya. Daga Maraɗi.

Amsa: Robar bakin ta yi miki ƙanƙanta, iska na zurarewa. Sauya da babba, tana cikin kwalin da na san kin yar.

Tambaya: Me ya sa bes ke ɓacewa idan na rage murya? Daga Kumasi.

Amsa: Kunnenka ne, ba na'urar ba. Kunne ba ya kama sauti mai kauri irin bes sosai idan murya ta yi ƙasa. Masana sauti Fletcher da Munson sun auna wannan a Amurka tun 1933.