Kafin ka zuba jari a alƙalami mai shan tawada

Wani mai shagon kayan rubutu a Kano ya aiko mini da tambaya. Ya ce wani dillali mai shigo da kaya daga ƙasar Sin ya nuna masa alƙaluma masu shan tawada, masu ruwan zinariya, kowanne kwance cikin akwatinsa mai shimfiɗar karan-miski, wasu ma ɗauke da sunan Montblanc, kamfanin da ya shahara da alƙaluma masu tsada, kuma ya yi masa tayin katan guda a kan naira dubu 600. Yana so ya san ko kayan sun kai kuɗinsu, da yadda ake gane alƙalami na ƙwarai, tun da shi biro da fensir da littattafan makaranta ya saba sayarwa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka karɓi katan ɗin nan yadda aka kawo maka shi, amma kuma kada ka rufe ƙofar wannan ciniki gaba ɗaya, domin akwai riba a cikinsa ga wanda ya shiga da kaɗan-kaɗan kuma ya san abin da yake saye.

Sai ka fara sanin inda darajar irin wannan alƙalami take. Biro yana da ɗan ƙwallon ƙarfe a tsininsa wanda ke juyawa yana shafa tawada mai kauri, shi ya sa ko na naira nawa ne yakan yi rubutu. Mai shan tawada kuwa tawadarsa ruwa-ruwa ce, tana gangarowa ta wasu siraran tsagu da ke jikin baƙar robar da ke ƙarƙashin bakin ƙarfen, sannan ta bi tsagar da ta raba bakin gida biyu har ta isa tsini, iska kuma tana komawa ciki ta cike gurbin abin da ya fita. Idan ɓangarori biyun nan na baki suka saɓa da ko kaurin gashi guda ne, alƙalamin zai riƙa kartar takarda. Idan tsagar ta matse zai riƙa ɗauke rubutu, idan kuma ta buɗe da yawa zai yi ambaliya. Kusan duk abin da mai saye zai yaba ko ya kushe bayan mako guda yana tattare a wannan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, kuma shi ne abin da akwati mai kyau ba ya nuna maka.

Don haka ka ce wa dillalin ya bar maka guda biyar waɗanda kai za ka zaɓa da hannunka daga tsakiyar katan. Ka ɗura musu tawada, ka samu farar takardar fotokwafi, ka ja layi a tsaye da a kwance, ka rubuta lamba 8 sau ashirin a jere ba tare da danna hannu ba. Alƙalami na ƙwarai nauyin kansa ma ya isa ya bar layi a kan takarda. Daga nan ka ajiye shi a buɗe na minti ɗaya ka ga ko zai ci gaba da rubutu nan take, sannan ka rufe shi ka jefa a aljihun tebur kwana uku ka sake gwadawa. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wajenmu, saboda a lokacin hunturu murfin da ba ya kama iska sosai yakan bar tawada ta bushe a baki cikin dare ɗaya. Na taɓa sayen wani mai sheƙi da nauyi a hannu, wanda duk wanda ya gan shi a aljihuna sai ya tambaya, amma kullum da safe sai na jiƙa bakinsa da ruwa kafin ya tashi, kuma kafin wata biyu ruwan zinariyar da ke maƙalarsa ya fara ɓarewa yana nuna farin ƙarfen da ke ƙasa. Idan biyu cikin biyar ɗin da ka gwada suka gaza, to haka za ka yi tsammani daga sauran katan ɗin.

Kada rubutun da ke jikin baki ya ruɗe ka. Za ka ga an zana Iridium Point Germany a kan alƙaluma masu araha da yawa, kuma wannan ba shaida ba ce cewa a Jamus aka ƙera bakin. Bakin zinariya na gaske yana ɗauke da alamar 14K ko 585, ko kuma 18K ko 750, kuma ba a samunsa a farashin da aka yi maka tayi. Ba ma dole ba ne, domin abin da ke taɓa takarda wani ɗan ɗigon ƙarfe ne mai tauri da aka manna a tsini, kuma bakin ƙarfe da aka goge da kyau yana rubutu sumul kamar na zinariya.

Misalan da ke kasuwar duniya sun nuna haka. Lamy Safari, wanda wani kamfani a birnin Heidelberg na Jamus ya fitar a 1980, jikinsa roba ce zalla, ba shi da wani ado, amma ana sayar da shi a wajen dala 30 kuma har yau ana nemansa, saboda yana rubutu daga ranar farko, kuma ana iya zare bakinsa a sa wani mai kauri ko siriri. Pilot Metropolitan na Japan jikinsa ƙarfe ne, yana da kwarjinin da ma'aikacin ofis ke so, farashinsa kuma bai yi nisa da na Safari ba. Platinum Preppy, shi ma na Japan, bai kai dala 10 ba, amma murfinsa na ciki yana toshe iska har tawada ta yi watanni ba ta bushe ba. A ƙasar Sin ma akwai Jinhao da Hero, masu sayar da kayansu da sunansu na gaskiya a kan 'yan daloli, sai dai ingancin bakinsu yakan bambanta daga wannan zuwa wancan, don haka sai an gwada kowanne. Ka kuma lura cewa bakin da Japanawa suka sa wa harafin M, wato matsakaici, yakan yi kusa da sirantar wanda Turawa suka sa wa F, wato siriri.

Masu ɗauke da sunan Montblanc kuwa ka mayar masa da su. Samfurin kamfanin mai suna Meisterstück 149 na asali kuɗinsa yana wajen dala dubu, saboda haka wanda aka zubo a katan jabu ne ba tare da wata tantama ba. Sayar da shi da wannan suna algus ne, kuma mai iya sayen alƙalamin kyauta mai tsada shi ne mutumin da ya fi saurin samun wanda zai gaya masa an cuce shi. Shago irin naka da amana yake tafiya, kuma ribar alƙalami goma ba za ta biya maka asarar ofis ɗaya da ya daina aiko maka da oda ba.

Sai maganar juyawar kuɗi, wadda ita ce ta fi damuna da tayin nan. Bari mu yi lissafi na misali. Idan dubu 600 ɗin nan tana cikin biro da littattafai, tana juyawa sau ɗaya a wata da ribar kashi 10 cikin 100, a wata shida ta kawo maka dubu 360. Idan ka kulle ta a alƙaluma masu ribar kashi 40 cikin 100 amma suka ɗauki wata shida kafin su ƙare, dubu 240 ka samu, ban da waɗanda aka dawo maka da su, ban da kuma faɗuwar darajar naira a tsakanin, wadda za ta sa sabon sari ya fi na baya tsada. Ka sa lambobin shagonka na gaskiya a wannan lissafi ka gani da idonka. Ni dai ba zan wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a karon farko ba, kuma zan raba shi tsakanin masu araha na ɗalibai da 'yan kaɗan masu kwarjini na lauyoyi da malaman jami'a da masu neman abin kyauta.

Kashi mai kauri na wannan ɗan jarin kuma ya tafi ga tawada, domin alƙalami sau ɗaya ake saye, tawada kuwa ita ke dawo da mutum shago. Parker Quink da Pelikan 4001 tsofaffin tawadu ne da ba sa ba da wahala. Ka sani cewa Lamy da Pilot da Platinum da Parker kowannensu yana da nasa ɗan kwanson tawada wanda galibi ba ya shiga na wani, saboda haka ka tabbata kowane alƙalami ka sayar yana da ɗan famfon da ke zuƙo tawada daga kwalba, in ba haka ba ranar da kwanson ya ƙare cinikin ya mutu. Ka kuma riƙa gaya wa masu saye gaskiya tun kafin su biya: ba ya fitar da rubutu a rasit mai kabon tun da ba a danna shi, yakan baje a takardar littafi mai araha, kuma yawancin tawadarsa ruwa na wanke ta. Malamanmu kuwa ka ja kunnensu da ladabi kada su ɗura masa tawadar allo, domin gawayi da ƙaron da ke cikinta za su daskare a waɗannan siraran tsagu su toshe shi.

Idan dillalin ya yarda da gwajin guda biyar ɗin, ka nemi ya cire masu sunan aro, ya sayar maka da dozin biyu kawai, da sharaɗin zai karɓi duk wanda bai yi rubutu ba. Ka ajiye guda ɗaya ɗure da tawada a kan kanta tare da farar takarda domin mai saye ya rubuta sunansa kafin ya yi ciniki, ka kuma buɗe shafi na dabam a littafinka inda za ka riƙa rubuta ranar da kowanne ya fita da wanda ya dawo sayen tawada. Bayan wata uku ka aiko mini da abin da shafin ya nuna, sai mu duba ko za a ƙara sari.