Yaya ake gane mai bincike a tiyatar ƙwaƙwalwa ya yi tasiri?

Tambaya: Likita, ni ɗalibin likitanci ne, ina neman wanda zai duba aikin bincikena a fannin tiyatar ƙwaƙwalwa. Na ga wani farfesa yana da maƙalu sama da 200, kuma h-index ɗinsa 40 ne. Wannan ya isa in ce ya yi tasiri a fanninsa?

Amsa: Ƙanena, lambar tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, shi ya fito da wannan ma'auni a 2005. Idan aka ce 40, ana nufin mutumin yana da maƙalu 40 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 40 a rubuce-rubucen wasu. Ka lura cewa a cikin shafukan intanet da ke lissafa wannan lamba, Google Scholar yakan ba da lamba mafi girma fiye da Scopus, don haka ka tambayi inda aka ɗauko ta. Kuma lambar ba ta raguwa ko da mutum ya daina bincike shekara da shekaru.

A tiyata akwai wata matsala ta daban. Likitocin tiyata sun fi rubuta rahoton marasa lafiya 'yan kaɗan, ko bayanin sabuwar hanyar yin aiki, irin waɗannan kuwa ba a cika ambatonsu ba ko da ana amfani da su kullum a ɗakin tiyata. A ɗaya ɓangaren, mutum yakan shiga jerin marubuta ɗari na wani babban gwaji don kawai asibitinsa ya ba da marasa lafiya, sai lambarsa ta yi sama. Shi ya sa ka duba inda sunansa yake. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne ya yi yawancin aikin, na ƙarshe shi ne jagoran binciken.

Ni dai abin da nake tambaya shi ne: me ya canza a gefen gadon mara lafiya saboda aikinsa? A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett suka wallafa ma'aunin doguwar suma na Glasgow a mujallar The Lancet. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki, a yau jimillar maki daga 3 zuwa 15. Kafin nan kowane likita da yadda yake kwatanta wanda ya bugu a ka. Yanzu ma'aikaciyar jinya tana iya cewa ta waya makin ya sauka daga 13 zuwa 9, likitan da ke bakin aiki ya san dole ya taso nan take. Ko kuma gwajin CRASH na 2004, mai marasa lafiya kusan 10,000, wanda ya nuna cewa maganin sitiroyid da aka daɗe ana ba masu raunin kai yana ƙara yawan mutuwa. Aka daina. Binciken da ya hana likitoci wata al'ada mai cutarwa, a wurina ya fi maƙalu hamsin da ba su motsa komai ba.

Suna ma yana iya ruɗar mutum. Egas Moniz na Fotugal ya karɓi kyautar Nobel a 1949 kan tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa ga masu taɓin hankali, aikin da ya nakasa mutane da yawa har aka yi watsi da shi. Abin mamaki, gudummawarsa da ta ɗore ita ce hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da ya fara a 1927.

To ga abin da za ka yi. Ka shiga PubMed, shafin intanet da ke tattara maƙalun likitanci, ka ɗauko maƙalunsa biyar na baya-bayan nan ka karanta su da kanka. Ka ga ko suna bin tambaya ɗaya ko suna tsalle daga wannan zuwa wancan, ko an yi amfani da su a ƙa'idojin magani, ko kuma shi ne yake yawan ambaton kansa. Tunda mai duba aiki kake nema, ka nemi ɗalibansa na da, ka tambaye su ko yana karanta abin da suka rubuta, da ko sunayensu na fitowa a farkon maƙalun da suka yi wahala a kansu.