Hukuncin kiwon kifin betta a gida da renon 'ya'yansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da kifin ado da ake kira betta, namiji da mace, ina son in haɗa su su hayayyafa in riƙa sayar da 'ya'yan. Wani ɗan'uwa ya ce haramun ne, wai kifin faɗa ne, kuma tsare shi a gilashi zalunci ne. Mene ne hukuncin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kiwonsa halal ne, sayar da shi ma halal ne, amma da sharuɗɗa.

Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a Suratun Nahli, aya ta 8, ya ce don hawa ne da kuma ado, ka ga ado manufa ce da shari'a ta yarda da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba. Matar da ta shiga wuta a kan kyanwa kuwa, laifinta shi ne ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Don haka tsarewar da ke tare da kulawa ba zalunci ba ce.

Maganar faɗa tana da tushe. Asalin kifin daga Tailan da maƙwabtanta yake, an kuma daɗe ana haɗa mazansa faɗa ana caca a kai. Wannan haramun ne ta fuska biyu: cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, da azabtar da dabba ba gaira ba dalili. Idan ka tabbatar mai saye faɗa zai kai shi, kada ka sayar masa.

Inda na fi jiye maka tsoro, ɗan'uwa, shi ne renon. Namijin ne ke tara kumfa a saman ruwa ya yi sheƙa, ya riƙa tsintar ƙwai da baki yana maƙalawa a ciki. Da zarar macen ta gama zuba ƙwai sai ya juya mata da cizo, don haka wajibi ne ka fitar da ita nan take, kuma tun farko ka sa mata ganyen da za ta ɓuya. Cikin kwana 1 zuwa 2 ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Idan 'ya'yan suka fara iyo da kansu, ka cire uban, don yana iya cinye su. Bakinsu bai isa abincin manya ba, sai ƙananan halittun ruwa masu rai, kuma suna son ruwa mai tsabta da ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 28. Zubi ɗaya kan kai ɗaruruwan ƙwai, sannan bayan wata 2 zuwa 3 mazan za su fara yagar juna, kowanne sai an ware masa wurinsa. Wanda ya bar su a haɗe yana kallo, ba shi da bambanci da mai haɗa su faɗa da gangan. A ganina, wanda bai tanadi wuri da abinci da inda zai kai su ba, bai halatta ya haɗa iyayen ba, domin duk wani rai da ya fito ta hannunka amana ne a wuyanka.

Kada ka kashe ɗan kifi don kawai launinsa bai yi maka ba, ka kyautar da shi. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har babu alamar warkewa, babu laifi a hutar da shi cikin gaggawa.

Hanin da malaman fiƙihu suke yi na sayar da kifi a cikin ruwa bai shafe ka ba. Dalilinsa garari ne, wato kifin da ba a gani ba, ba a kuma da tabbacin kama shi. Naka yana cikin gilashi, mai saye yana ganinsa. Sai dai in yana da aibi ko cuta, ka bayyana kafin a ƙulla ciniki.

Wallahu a'alam.