Amsa ga mai tambaya kan horon sanin makamar aiki a ma'adanar takardu da gidan tarihi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa in amsa miki da kyau. Kin ce an ba ku wata shida na horon sanin makamar aiki, kuma wurare uku ne a gabanki: ma'adanar takardun tarihi, sashen ilimantarwa na wani gidan tarihi, da wata ƙungiya mai kai tarihi ga jama'a. Tsoronki kada ki zaɓi ma'adanar takardu ki ƙare a kakkaɓe ƙura da ɗaukar kwalaye. Ni ta can na fara, daga baya na yi shekaru ina karɓar 'yan makaranta a gidan tarihi, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Ƙura kam za ki sha ta, kwali ma za ki ɗauka. Amma da za a mayar da ni baya, can zan sake farawa.

A makona na biyu aka turo mini kwali huɗu, takardun wani tsohon shugaban makaranta da iyalinsa suka bayar bayan rasuwarsa. Aka ce in duba in rubuta abin da ke ciki. Na buɗe fayil na farko, sai na ga wasiƙu ba a jere suke ba, ga rasit a tsakaninsu, ga wata 'yar takarda mai rubutun fensir an maƙale ta da kilif da ya yi tsatsa. A ganina hargitsi ne. Na kwashe wuni guda ina jera wasiƙu bisa kwanan wata, na ware rasit gefe guda, na cire kilif na zubar. Da malamar da ke kula da horona ta zo, ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki rasit ɗaya ta ce, "Wannan, a bayan wace wasiƙa ka same shi?" Na kasa tunawa. Ta ce mai takardun ya san dalilin da ya sa ya haɗa su: wasiƙar ta nemi a yi aiki, rasit ɗin kuma shi ne shaidar an yi an biya. Da na raba su, kowanne ya daina magana. Kwana uku muka yi muna bin tabon tsatsa da layin ninkin takarda, muna mayar da kowace gurbinta. Akwai waɗanda har na bar wurin ba mu gano mazauninsu ba, kuma har yau abin yana damuna.

A kan teburin nan na fahimci ƙa'idoji biyu da aikin ya tsaya a kansu. Ba a cakuɗa takardun mutum ɗaya ko ofishi ɗaya da na wani, ko da maganarsu ɗaya ce. Wannan ta samo tushe ne daga wani umarni da aka fitar a Faransa a 1841, wanda ake danganta shi da Natalis de Wailly, wani ma'aikacin ma'adanar takardun ƙasar. Sannan ba a rusa tsarin da mai takardun ya bari, abin da wasu masana uku 'yan ƙasar Holan suka ƙarfafa a jagoran aiki da suka wallafa a 1898. An koya mana wannan a aji, na ma amsa shi a jarrabawa, amma gani ya kori ji.

Sauran ladubban hannu da sauri za ki kama su. Fensir kaɗai ake shiga da shi, biro a bar shi a jaka. Takarda da hannu mai tsabta busasshe ake taɓa ta, domin safar auduga tana rage jin yatsa har a yaga gefen shafi. Safar hannu ta hotuna ce da kayan ƙarfe. Ba a liƙe yagaggiyar takarda da salatif. In kin ga fumfuna, ki sa takunkumi, ki ware kwalin, ki kira na gaba da ke. Za ki riƙa duba ma'aunin zafi da danshi safe da yamma, domin hawa da saukarsu kullum yana gajiyar da takarda, danshi mai yawa kuma shi ke gayyato fumfuna da ƙwari.

Inda nake so ki sa ranki shi ne rubuta bayanin takardu. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa da ake kira ISAD(G), ya fara fitowa a 1994, na Majalisar Ma'adanan Takardu ta Duniya wadda aka kafa a 1948. Yana da gurabe 26, amma shida ne ba a tsallakewa: lambar shaida, suna, wanda ya samar da takardun, shekarunsu, yawansu, da matakin da ake bayani a kai. Ana farawa daga tarin gaba ɗaya a gangaro zuwa fayil. Aiki ne na shiru, babu mai tafa miki. To amma takardar da ba a rubuta bayaninta ba, tana cikin gini ne kawai, mai bincike ba zai taɓa sanin tana nan ba. Ki tuna gobarar babban gidan tarihin Brazil da ke Rio de Janeiro ranar 2 ga Satumba, 2018. Wurin na ɗauke da kaya kusan miliyan 20, mafi yawansu suka ƙone, har da muryoyin harsunan 'yan asalin ƙasar da aka naɗa. Bayan gobarar sai da aka roƙi jama'a su turo hotunan da suka taɓa ɗauka a ciki. Duk layin da ɗalibi ya rubuta, duk shafin da ya ɗauka da sikana ya ajiye kwafinsa a wani wuri dabam, irin wannan rana yake yi wa tanadi.

Gidan tarihi kuwa wata duniya ce, kuma ina ƙaunarta. Ranar da na fara karɓar yara 'yan firamare, na haddace jawabi mai tsawo, na tsaya gaban akwatin gilashi ina zuba. Kafin minti biyar rabinsu suna kallon rufi. Wanda ya girme ni a aikin ya ɗauko wata tsohuwar tafireta daga kayan da aka ware don taɓawa, ya ɗora a tebur, ya sa takarda, ya ce, "Me kuka gani?" Suka yi caa a kanta. Wata yarinya ta danna harafi, ƙarfen ya tashi ya bugi takarda, ta ja da baya tana dariya. Can sai wani yaro ya ce, "Malam, in mutum ya yi kuskure, ina wurin gogewa?" Daga wannan tambaya muka yi rabin awa: yadda magatakarda ke sake buga shafi tun daga farko, yadda ake sa takardar kabon a samu kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya. Abin da ya ba ni bakin magana a ranar shi ne na riga na riƙe ɗaruruwan irin waɗannan kwafin kabon a ma'adana, na san laushinsu da yadda haruffansu ke dusashewa. Shi ya sa nake cewa ki fara da takardu. Yara suna gane wanda ya taɓa abu da hannunsa, suna kuma gane wanda ya haddato.

A gidan tarihi za ki koyi rubuta gajeren bayanin da ake liƙawa jikin kaya, wanda mai tsaye zai karanta kafin ƙafarsa ta gaji, ki kuma san dalilin rage haske zuwa luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) a kan tufafi da takardu. In horonki ya haɗa da 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya da ake yi tun 1977, ko 9 ga Yuni ta ma'adanan takardu, ki nemi a ba ki wani ɓangare na shirin ki riƙe da kanki.

Ita ƙungiyar kai tarihi ga jama'a, in naɗar hirar dattawa suke yi, ki tambaye su abu biyu: suna karɓar amincewar mutum a rubuce ko a murya kafin su naɗa? Kuma ina ake ajiye muryoyin bayan an gama baje koli? Na taɓa ganin hirarraki masu daraja sun salwanta tare da kwamfutar ma'aikaci ɗaya, dattawan kuma wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ki sani kuma hirar awa ɗaya takan ci mini wuni guda wajen mayar da ita rubutu.

Duk da haka, kada sunan wuri ya ruɗe ki. Ƙaramar ma'adana mai ma'aikaci ɗaya da zai zauna kusa da ke ta fi babban gida da za a manta da ke a ɗakin fotokwafi. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka ki taka zuwa wuraren uku kafin ki sa hannu. Ki tambayi wa zai kula da ke, sau nawa za ku zauna a mako, da kuma wane aiki za ki fara ki gama da sunanki a kai, ko rubuta bayanin tarin takardu ɗaya, ko darasin ziyara ɗaya. Maganar kuɗin mota ma ki yi ta tun farko ba tare da kunya ba, domin da yawan irin wannan horo ba a biya, kuma wata shida ba kwana shida ba ne. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi kullum, har da kurakuranki.

In kin dawo daga zagayen, ki faɗa mana amsar da kowannensu ya ba ki, sai mu duba tare. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.