Vampires, Realm of Magic ko Werewolves: wanne za ki fara saya?

Ƙanwata, tun jiya da daddare na ga tambayarki, ɗauke wuta ne ya hana ni amsawa. Kin ce kuɗin fak ɗaya (ƙarin wasa da ake saya daban) kike da shi na The Sims 4, wasan kwamfutar nan da ake tafiyar da rayuwar mutane, kin rasa na ɗauka tsakanin Vampires, Realm of Magic da Werewolves, kuma ke wasan iyali kike yi: aure, haihuwa, renon yara. Duka ukun ina da su, kuma na raba dare a kansu fiye da yadda zan iya faɗa a gaban Mama. Ki ɗauki Vampires.

Ni Realm of Magic na fara saya, don shi ya fi ɗaukar ido. A 2019 ya fito. Garinsa Glimmerbrook, filaye biyar kacal, da wata ƙofa a saman ruwa mai gangarowa, kamar a ce an kafa ta a kan Assop. Ta nan ake shiga duniyar tsafi, inda malamai uku suke, kowa da fanninsa. Satin farko na ji daɗi ba kaɗan ba, ana hawa tsintsiya, ana dafa haɗi a ƙatuwar tukunya, ana gwada ƙwanji da sauran matsafa. Daga nan abin ya fara gundurata. Komai da tsafinsa. Famfo ya fashe? Repairio. Gida ya yi datti? Scruberoo. Yunwa? Delicioso, ga abinci. Akwai ma haɗin da in an sha, duk buƙatun Sim, wato mutumin da kike wasa da shi, sun cika lokaci guda. Uwar 'ya'ya huɗun da nake wasa da ita, wadda da ko zama ba ta samu, sai ga ta tsaye a falo ba aikin fari ba na baƙi. Gaskiya ne in an cika tsafin ana iya jawo la'ana, har da mutuwa, amma da ɗan lura ba za ta same ki ba. To mai wasan iyali in aka cire mata wahalar gida, me ya rage?

Wani abu kuma, in a falo kike wasa ki sa shi a lissafi. Rannan Mama ta leƙo ta ga tukunya na tafasa a laftof, ta ce, "A'uzubillahi, yanzu kuma bokanci kike koyo a kwamfuta?" Na daɗe ina bayani. Akwai waɗanda ko da wasa ba sa son sihiri, ban kuma ga laifinsu ba.

Vampires shi ne babba a cikinsu, tun Janairun 2017, amma har yau shi ya fi tsari. Matsayi biyar ne, kuma yayin da mashayin jininki yake hawa yana samun ƙarfi, dole ki zaɓa masa rauni. Kina so ya riƙa rikiɗa jemage? To ki yarda ko dai cikinsa ya daina karɓar abincin mutane, ko ya kasa barcin kirki sai a akwatin gawa, ko ya riƙa nadama in ya sha jinin wani ba izini. Ba a ba ki komai a banza.

Ga yadda ta kaya a gidana. Mijin mashayin jini, matar mutum. Na zaɓa masa raunin ciki, na manta. Ranar bikin haihuwar 'yarsu ya ɗauki kek da kansa, minti kaɗan sai ga shi durƙushe a banɗaki baƙi na falo. Wata rana da hantsi ya tsaya hira da maƙwabci a ƙofar gida, hankalina na kan jariri, kafin in waiga hayaƙi na tashi daga jikinsa, da ƙyar na shigar da shi ɗaki da sauran numfashi. Yaran kuwa wani ya gado uban, wani bai gada ba, kuma ƙishirwar jinin ba ta tasowa sai sun zama matasa. Abin da ya fi taɓa ni, shi ba ya tsufa, ita tana tsufa. Ranar da ta yi furfura na zauna ina tunani kamar 'yan uwana ne: in mayar da ita irinsa, ko in nema masa maganin warkewa? Maganin sai an kai ilimin mashaya jini mataki na 15. Na nema masa. Tare suka tsufa.

Ko ba ki da mashayin jini a gida, Vlad, tsohon mashayin jinin nan na Forgotten Hollow, garin fak ɗin, zai iya zuwa muku da tsakar dare. Ki rataye tafarnuwa.

Werewolves na Yunin 2022 shi zan ce ki bi da shi. Mu da muka tashi da labarin masu rikiɗa kura, wannan ba baƙo ba ne, kyarkeci ne kawai a madadin kura. Garin Moonwood Mill tsohuwar ma'aikatar katako ce, duk tsatsa, yana tuna min ƙarafan kuza da aka watsar wajen Bukuru. Ƙungiyoyi biyu ne, Moonwood Collective masu sanyin hali da Wildfangs 'yan ta-kife, ga Greg, wani kyarkeci mai zafin rai, da aka kafa alluna ana gargaɗi a kansa. Sai dai fushin masu rikiɗar taruwa yake yi, daren da wata ya cika kuma ba ki da iko da su. Kujerun da na ɓata awa biyu ina jerawa, dare ɗaya aka yage min su. Ke da kike son gida tsaf, zai ba ki haushi kafin ki saba.

Kowanne a cikin ukun dala 19.99 ne, kin kuwa san dala da naira. Kada ki yi gaggawa, ana yawan yin ragi, musamman ƙarshen shekara. Ki saya a inda wasanki yake, in Steam to Steam, in EA app to can. In fatalwa ce ke burge ki, Paranormal na 2021 dala 9.99 ne, da gida mai fatalwa da aikin korarsu, amma ba shi da gari.

In kin sauke Vampires, kada ki tura mijin aikin rana tun farko. Ki shuka masa 'ya'yan plasma, masu maye masa gurbin jini, a bayan gida, ki bar maƙwabta su huta.